Ɗorawa da Daddawa a Tarihin Fataucinmu



Duk lokacin da aka ɗauko tarihin fatauci tsakanin ƙasar Hausa da ƙasashen yamma, goro ake fara ambata, sannan kanwa, sannan shanu da jakuna. Hakan kuwa daidai ne, don goro ne ya buɗe hanyar Gwanja. Sai dai goro ba ya ƙosar da mai jin yunwa. Ayarin da zai kwashe watanni bisa hanya dole ya ci tuwo kowane dare, tuwo sai da miya, miyar mutanenmu kuwa sai da daddawa. Shi ya sa a wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu na ga ya dace mu waiwayi ɗorawa, itacen da ya ciyar da kakanninmu a tafiya da zaman zango, wanda har yau wasunmu ke cin abinci da hajarsa, kuma yake ƙarewa a gaban idonmu.

Itacen da abin da ke cikinsa

Ɗorawa babban itace ne mai faɗin kai da duhun inuwa, tsawonta kan kai mita 20, wani lokaci ma ta wuce. Tana fitowa tun daga Senegal har zuwa Sudan da arewacin Uganda, a yankin da ke tsakanin sahel da kurmi. A nan Burkina ta fi yawa a kudu da yamma, wajen Po, Lewo, Gawa, Bobo da Orodara. Mosawa suna ce mata roanga, Julawa suna ce mata nere, wanda shi ne sunan da Faransanci ya ara.

Cikin rani take fure, bayan hunturu ya fara sauka. Furenta ja ne, dunƙulalle, yana reto a ƙarshen dogon sili, shi ne Hausawa ke kira tutu. Yara suna tsotsar zaƙinsa, ƙudan zuma suna zuwa gare shi, shi ya sa ake yawan ɗora amya a kan ɗorawa. Da dare kuma jemagu ne ke yawo daga fure zuwa fure, su ne manyan masu yi mata barbara. Daga nan sai 'ya'ya su fito zara-zara, gungu-gungu, su nuna wajen watan Afrilu da Mayu.

A lura da wannan lokaci. Bazara ce, rumbu ya yi ƙasa, damina ba ta sauka ba, ga aikin sharar gona a gaba. A daidai nan ɗorawa ke ba da garinta mai zaƙi, wanda ake sha a dama da ruwa, ko a zuba a kunu, ko a gasa shi dunƙule-dunƙule. Baturen nan Mungo Park, da ya ratsa ƙasar Jalonka a 1797 lokacin wata yunwa, ya tarar da mutane suna rayuwa a kan wannan gari. Saboda sanin da kowa ya yi wa garin, har yau Bahaushe ba shi da wani suna da ya fi saurin zuwa bakinsa ga launin rawaya kamar ruwan ɗorawa.

Ɓawon ma ba a zubarwa. Ana jiƙa shi ko a dafa shi, ruwan ya fito jaja-jaja mai duhu, shi ne makuba. Da ita ake yayyafa wa daɓe ya yi ƙarfi da sheƙi, da ita ake shafe katangar ƙasa don kada ruwan sama ya zaizaye ta. Wanda ya je Tiyebele, kusa da Po, ya ga gidajen Kasena masu zane, to abin da matan garin ke shafawa a kan zanen daga ƙarshe ruwan ɓawon ɗorawa ne. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sa fadar Tiyebele cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Tokar ɓawon tana shiga aikin sabulu. Saƙe-saƙin itacen kuwa masu maganin gargajiya suna ba da shi don ciwon haƙori da wanke miki. Ganye abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare.

Amma dukiyar ɗorawa ta gaske tana cikin ƙwayar, wato kalwa.

Daga kalwa zuwa daddawa

Wanda bai taɓa ganin aikin daddawa ba, zai yi tsammanin tsadarta ta yi yawa. Kalwa tana da tauri ƙwarai. Sai an dafa ta yini guda, wani lokaci har da kwana, ana ƙara ruwa ana tura itace. In ta yi laushi sai a zuba a turmi da toka ko yashi a surfa, ɓawon ya saki. Sai wanki, ruwa bayan ruwa, ana tsince tsakuwa da ƙwayar da ba ta dahu ba. Sai a sake dafawa na ɗan lokaci, a tsane, a zuba a kwando ko masaki, a rufe da ganye da buhu a wuri mai ɗumi, kwana biyu zuwa uku. A nan take ruɓa irin ruɓar da ake so, warin nan ya tashi. Daga nan a shanya, a daka, a mulmula ko a fyaɗa ta faifai-faifai gwargwadon al'adar gari.

Masana sun gano wasu ƙananan halittu ne da suke kira Bacillus subtilis ke wannan aiki a cikin kwandon, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na daddawa sinadarin gina jiki ne. Iyayenmu mata ba su san wannan suna ba, amma sun san gidan da ba a sayen nama kullum, daddawa ce ke riƙe yara. Sun kuma san abu na biyu, wanda shi ya shafi fatake: daddawar da ta bushe da kyau tana yin watanni ba ta lalace ba, ba ta da nauyi, kuma ɗan kaɗan ya isa tukunya.

A kan hanyar Gwanja

A ƙarni na 19 ayarin goro kan tashi daga Kano, Katsina, Sakkwato ko Jega a farkon rani, ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba da uban dawaki mai kula da biyan fito ga sarakunan hanya. Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi suna a wannan sana'a. Wasu ayarin kan haye Kwara a Yawuri ko Ilo, su bi ta Bargu, Jugu da Sansanin Mango zuwa Yandi da Salaga. Wasu kuma su haye a Sayi, su ratsa ƙasar Gurma, su faɗo ƙasar Mosi ta wajen Kupela, sannan su yi kudu. Suna kai kanwa, baƙin yadi na marinar Kano, fatun jima da gabu, su komo da goro. Clapperton ya haɗu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ya ƙiyasta mutanensa wajen dubu, maza da mata. Matan nan su ke girki a kowane zango, suna kuma ɗan cinikinsu na kansu.

Turawan da suka shigo ƙasar Hausa a wancan zamani duk sun lura da daddawa. Clapperton, wanda ya iso Kano a farkon 1824 ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya bayyana yadda ake sarrafa ta, har ya kwatanta kamanninta da cakulan. Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya haye Kwara a Sayi a 1853 ya bi ta Dori, shi ma ya rubuta labarin ɗorawa da daddawar da ake sayarwa a kasuwanni. Sunan da masana itatuwa ke kiran ɗorawa da shi, Parkia, wani masani ne mai suna Robert Brown ya raɗa shi a 1826, a cikin bayanin tsirran da ayarin su Clapperton ya tattaro, don tunawa da Mungo Park da ya mutu a Busa.

Akwai wata shaida da ta fi ta Turawa ƙarfi, ita ce ta harshe. Kowace al'umma da ɗorawa ke fitowa a ƙasarta tana da sunanta na daddawa. Mosawa suna cewa kolgo, Dagombawa kpalgu, Julawa da Bambara sumbala, Yarbawa iru, mutanen kudancin Benin afitin, Wolof na Senegal netetu. To amma ka je kasuwar Kumasi ko ta Ankara ka tambaya, sunan da za ka ji shi ne dawadawa, har itacen ma haka suke kiransa da Turancinsu. Ɗorawa ba itacen kurmi ba ce. Mutanen kudu sun san wannan haja ne daga hannun mutanen zango, sai suka karɓe ta da sunan da mai tallar ya kira ta. Bayan Ingila ta ci Asante a 1874, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwar garin zuwa Kete Karachi, Kintampo, Kumasi da bakin teku, duk inda aka kafa sabon zango daddawa ta bi.

Zangon Wagadugu

Wagadugu tana tsakiyar hanyoyi: ta arewa mai kawo gishiri da dabbobi, ta kudu mai kawo goro, ta gabas mai zuwa ƙasar Hausa. Yarse su ne tsofaffin 'yan kasuwar ƙasar Mosi, Hausawa kuma suka zo suka samu masauki a ƙarƙashin ikon Moro Naba. Unguwar da suka zauna ita ce Zangwetin, sunan da ya fito daga kalmarmu ta zango. Sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet sun shiga garin a watan Satumba na 1896. Daga baya jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin teku ta Ikko, dogayen ayarin ƙafa suka yi ta raguwa har suka ƙare. Jirgin Abijan ya iso Wagadugu a 1954, manyan motoci suka karɓi aikin jakuna. Hanya ta sake, amma mutanen zango suka zauna, suka yi aure da Mosawa da Yarse da Fulani, suka haifi 'ya'yan da ke jin Hausa da Mosanci da Faransanci.

A tukunya ma an yi wannan cuɗanya. Matar zango ta koyi dafa mui kolgo, wato shinkafa da daddawa irin ta Mosawa, da babenda mai ganye, maƙwabciyarta kuma ta koyi miyar kuka irin ta Kano. Daddawar batso da ake yi da ƙwayar yakuwa, wadda 'yan uwanmu na Nijar suka sani sosai, ita ce ake kira bikalga a nan. A gidaje da yawa na zango cinikin daddawa da kalwa shi ne jarin mace: da shi ake haɗa kayan ɗakin 'ya, da shi ake zubin adashi, da shi ake rufa asirin gida in maigida ya yi nisan tafiya.

Shekarar 2003 ta zo wa 'yan kasuwar garin nan da masifa biyu. A watan Mayu babbar kasuwar Rood Woko ta ƙone, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. A ƙarshen shekarar kuma aka fara rushe Zangwetin tare da Kuluba, Tiyedpalogo da wasu unguwannin tsakiyar gari saboda shirin ZACA, aka ba mutane filaye a wajen Waga 2000 da Niyoko. Maƙwabtan shekara da shekaru suka rabu. Mai sayar da daddawa a zaure ta rasa masu sayenta na kullum, sai ta sake neman wasu a sabuwar unguwa ko a kasuwannin yaar. Abin lura shi ne sana'ar ba ta mutu ba, domin asalinta yana cikin gonakin ƙauye, ba a rushe su ba.

Wa ke da ɗorawa?

Dalilin da ya sa ɗorawa ta daɗe a gonaki shi ne tana da mai ita. Manomi ya san gero ba ya yin kyau a ƙarƙashin inuwarta, amma in yana sharar gona sai ya bar ta, don abin da take bayarwa ya fi damin da ta hana. A ƙasar Mosi, wanda aka ara wa gona yana nomansa, amma 'ya'yan ɗorawar da ke ciki na mai ƙasar ne, kuma ba a yarda ɗan aro ya dasa itace ba, don dashe alamar mallaka ce. A ƙauyuka da dama ba mai sa ƙugiya a ɗorawa sai mai kula da al'adun ƙasa, wanda suke kira tengsoba, ya ba da izini. A ƙasar Dagomba har sarauta ake yi ta kula da ɗorayi. A ƙasar Hausa kuwa ana gadon ɗorawa, ana jinginar da ita, har akan sayar da gona a ware itacen. Unguwar Ɗorayi ta Kano sunanta jam'in ɗorawa ne, ko da yake yau gidaje ne suka cika wurin.

Waccan doka ta jiran izini tana da hikima. Tana hana a kaɗe ɗorawa tana garda, wato ba ta gama nuna ba, tana kuma barin wasu 'ya'yan su faɗi ƙasa su tsira.

Gwamnati ma ta sa hannu. A 1985, zamanin Thomas Sankara, aka shelanta yaƙi uku: da ƙona daji, da sakin dabbobi, da saran itace barkatai. A 2004 ma'aikatar muhalli ta fitar da jerin itatuwan da aka ba kariya ta musamman, ɗorawa na ciki tare da kaɗanya, kuka, tsamiya da maɗaci. Tun 2019 kuma ana bikin ranar itace ta ƙasa kowace shekara.

Halin da ake ciki yau

Duk da haka, wanda ke bin hanyar Po ko ta Bobo ya duba gonaki da kyau. Ɗorayin da zai gani manya ne, tsofaffi. Ƙanana ba su da yawa. Dalilan a bayyane suke. A da ana barin gona ta huta shekaru, a nan ne ƙananan itatuwa ke samun tashi, yanzu mutane sun yi yawa, ana noma wuri ɗaya kowace shekara. Garmar shanu da tarakta suna tumɓuke tsiron da mai fartanya zai kewaye. Awaki suna cinye wanda ya tsira. Farin shekarun 1973 da 1984 ya kashe ɗorayi da yawa a arewa. Gari yana cin ƙauye, masu gawayi suna bin dare. Ga kuma rashin tsaro da ya raba mutane da gonakinsu a gabas da arewa, ya mai da hanyar Fada zuwa Yamai abin tsoro, har manyan motoci sai da rakiyar soja suke bi ta Kaya da Dori.

Akwai kuma rabonmu a cikin wannan, mu 'yan kasuwa. Da kalwa ta yi daraja, sai masu saye suka riƙa shiga ƙauye tun kafin ta nuna, suna ba da kuɗi a gaba. Mai itace yana tsoron ɓarawo ya riga shi, sai ya kaɗe ta ɗanya. Kalwar da ba ta ƙosa ba ba ta yin daddawa mai kyau, ba ta kuma yin iri. Ana tsince ƙwaya kaf, ba a bar wa ƙasa komai. Yanzu masu yin daddawa a Wagadugu da Bobo sukan dogara da kalwar da ake shigowa da ita daga ƙasashen maƙwabta, kowane shinge na duwan da jandarma kuma yana ƙara wa buhu kuɗi kafin ya iso.

Tsadar ce ta buɗe ƙofa ga waken suya. Daddawar waken suya abinci ce mai kyau, tana da sauƙin dahuwa, tana rage cin itacen wuta. Laifin yana wurin wanda ya gauraya ta da ta kalwa ya sayar da kuɗin ta kalwa bai faɗa ba. Ga dunƙulen Maggi da ire-irensa, masu arha da saurin narkewa, sun shiga kowane ɗakin girki. Amma a 'yan shekarun nan mutanen birni da yawa suna komawa ga daddawa, musamman masu gudun yawan gishiri saboda hawan jini, 'yan uwanmu da ke Faransa, Italiya da Amurka kuma kullum saƙonsu a aiko musu da ita. Kasuwa tana nan, har tana ƙaruwa. Itacen ne ke baya.

Abin da za mu iya

Ɗorawa tana ɗaukar shekara biyar zuwa goma kafin ta fara haihuwa, sannan ta yi ta bayarwa fiye da tsawon ran wanda ya shuka ta. Shukarta ba ta da wuya. Ana jiƙa kalwa a ruwan zafi a bar ta ta kwana, ko a ɗan kankare ɓawon, a shuka a leda, a dasa in damina ta zauna, a kewaye da ƙaya ko waya har ta fi ƙarfin akuya. Cibiyar irin itatuwa ta ƙasa, CNSF, wadda aka kafa a nan Wagadugu a 1983, tana da iri mai kyau. Manoman jihar Maraɗi kuma sun nuna wa duniya tun daga shekarun 1980 cewa ko ba a dasa ba, in aka kare tsiron da ya fito da kansa a gona aka yi masa sassabe, daji yana dawowa.

Saboda haka ina roƙon shugabanni su sa waɗannan shawarwari a gaban babban taro. Na farko, 'yan ƙungiya su yi alkawari a tsakaninsu ba za su sayi kalwar da aka kaɗe ɗanya ba, kowa ya san ta da ido, ƙanana ce, a motse. Na biyu, wanda ke sayar da daddawar waken suya ko gauraye ya faɗa wa mai saye, kuma kwanon awo, ko tiya ce ko yoruba irin ta nan, ya zama ɗaya wajen saye da wajen sayarwa. Na uku, wanda ya ba matan ƙauye kuɗi a gaba ya yi musu lissafi da farashin ranar ɗauka, kada ya ci su da farashin ranar da suke cikin matsi. Na huɗu, kowane reshe na ƙungiya ya zaɓi ƙauye ɗaya daga cikin waɗanda yake sayen kalwa, ya zauna da masu ƙasar, tunda baƙo ba ya dashe sai da yardarsu, ya ɗauki nauyin iri da waya daga asusun reshe. A taron baɗi sai kowane reshe ya faɗi nawa aka dasa, nawa suka rayu.

Kakanninmu sun sha inuwar ɗorayin da ba su suka shuka ba, tun daga Jega har Salaga, mu ma muna cin ribar waɗanda wasu suka bari a gonakinsu shekara hamsin da suka wuce. In muna so 'ya'yanmu su gaji wannan ciniki, a wannan daminar ya kamata a fara.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan ƙungiya, Ya kiyaye matafiyanmu a kan hanya, Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, Ya sa albarka a kasuwa. Amin.